Sha'ibu, Mai Kamera Cikin Amawali

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Satumba na shekarar 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Sha'ibu Ɗangana a gidansa da ke Ibohaman, cikin ƙasar Keita, bayan ciwon ƙoda da ya kwantar da shi tun saukar ruwan fari. Ina kan hanyar zuwa duba shi na jiyo kukan mata daga nesa. Na tsaya a gindin wata katanga ina salati. Bayan azahar muka kai shi makwancinsa. Bai cika hamsin ba.

Sha'ibu, abokina, mutane sun ce tunda ni Abdulhamid ni ne mushen lekol, wato malamin makaranta, kuma tare muka tashi, ni ya kamata in rubuta wani abu a kanka. Na ɗauki alƙalami na ajiye ya fi a ƙirga. A ƴan shekarun nan na raka tsararrakinmu da yawa maƙabarta, har kalmomin ta'aziyya sun fara ƙarewa a bakina. Amma kai ba ka taɓa ce wa kowa ka gaji ba in ya roƙe ka abu, don haka ni ma ba zan ce ba.

Wanda bai san ka ba, zai ce kai mai ɗaukar bidiyon biki da suna ne, kuma bai yi ƙarya ba. A Madawa ka koyi sana'ar, ka dawo gida da babbar kamera irin ta saɓawa a kafaɗa, kana yawo da ita a moto, wato babur, daga Keita zuwa Buza, daga Buza zuwa Galma da Bangi. Da ita ka ci da iyalinka shekara da shekaru. Amma ba don wannan ba ne ake kukanka yau a Abijan da Duwala da Tamanrasat. Ana kukanka ne saboda aikin da Baba Gajere ya jawo maka.

Baba Gajere mutumin unguwarmu ne, sa'an mahaifinka. Ya tafi ci-rani Abijan tun muna yara, yana sayar da shayi, bana zan komo, baɗi zan komo, har tsufa ya cim masa a can, sannan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Likitoci suka ce ba zai jure doguwar hanya ba. Wata rana ɗansa ya riƙe masa salula, wato wayar hannu, ya aiko maka da murya. Muna zaune tare ka kunna ta, har yau ina jin yadda harshensa ke nauyi.

"Ɗana, ba hoton gari nika so ba. So nikai in sauka tasha, in taka da ƙahwata har ƙohwag gidanmu, in gaida ƙanwata Ummulkhairi. In kana iyawa, ka yi mini don Allah."

Washegari ka saɓa babbar kamerarka ka bi hanyar, ka aika masa. Amsar da ta dawo ta sa mu dariya, daga baya ta hana ka sukuni. Ya ce, "Allah shi yi maka albarka, amma wanga ba ni na ba. Ni tun da nike ban taɓa hangen abin da ke bayan katangal liman ba. Kuma mi ya sa kowa ya ƙame kamar ana hoton kardantite, katin shaida?"

Gaskiya ya faɗa. Kai dogo ne, kamerar kuma tana saman kafaɗarka, tana leƙa gidajen da Gajere bai taɓa gani ba sai ta ƙofa. Ga ta da girma, duk wanda ya hango ta sai ya gyara hula ya daina numfashi. Ka ce mini, "Mushe, wagga kamera ta kallon mutane ce. Ni wadda za ta zama mutum nika nema." Na ce maka tsoho ne mai jinya, ya gode, ka bar zancen. Ba ka bari ba.

Daga nan ka shiga neman da ya cinye maka rani guda. Ka fara da salula, ka riƙe ta daidai fuska kana tafiya. Hoton ya fito yana rawa kamar ruwa a tulun da ke kan jaki, kuma kafin ka kai rabin hanya rana ta gasa ta, ta ɗauke. Ban da haka, hannun da ke riƙe da ita ba ya gaisawa da kowa, kai kuwa ka ce mutumin da ya dawo gida bai miƙa hannu ba, bai dawo ba. Sai wani direba ya ba ka labarin wasu ƴan ƙananan kamerori, kamar kwalin ashana, waɗanda masu tseren moto ke maƙalawa a hular kwano. Ka bi ƴan ci-ranin da suka dawo daga Aljeriya da Libiya gida-gida, kana aron duk wadda ka samu kana gwadawa. Wata idonta ya cika faɗi, tana lanƙwasa katanga, tana mai da rumbu kamar goran da aka danne. Ka mayar da ita, ka ce ba za ka aika wa mutum garinsu a karkace ba. Wata hotonta tas, amma batirinta ba ya son zafi, ko la'asar ba ta kaiwa. Wata tana da maɓallai birjik da rubutun da sai an yi karatu, ka ce a'a, kana son wadda tsohuwa ma za ta danna da yatsa ɗaya. Wata kuma ba ta jin murya sai hucin iska. Ni da nake rakiya na ƙosa tun a ta biyu. Har na ce maka ko mai zaɓen amarya bai kai ka tsirfa ba.

Wadda ka tsaya a kanta daga ƙarshe ba sabuwa ba ce, gefenta ma a kwarzane yake. Amma ba ta da nauyi, tana danne rawar tafiya da kanta, ana iya rage faɗin idonta ya koma kusa da na ɗan Adam, kuma batirinta ana cirewa a sa wani. Ka yanko ɗan gashin fatar rago ka manna a inda take shan murya, iska ta daina yi mata ihu. Batiran kuwa a cikin tsumma mai laima kake naɗe su, a jakar fata, kamar mai ɗauke da goro.

Saura inda za ta zauna a jikinka. Ka ɗaura ta a goshi da roba, ka zaga kasuwa, ka kawo wa mahaifiyarka Inna Biba ta gani, domin ita ce alƙaliyarka, ba ta yi maka kara. Ba ta daɗe tana kallo ba ta kau da kai ta ce, "Ɗauke mini wanga abu, jiri nika ji kamar na hau bayan kamiyon kaya." A nan ka gane kan mutum ba ya zama wuri ɗaya, ido ne ke gyara abin da wuya ya ɓata, kamera kuwa ba ta da wannan dabara. Ka sauko da ita ƙirji. Hoton ya natsu, hannuwanka biyu suka bayyana, amma duk wanda ka gaisa da shi sai ka ga gemunsa da wuyan rigarsa, fuskar tana can sama. Ka zauna a tabarma ranka a ɓace. Can sai ka miƙe tsaye, ka dafa ƙirjinka, ka tambayi Inna, "In Baba Gajere ya tsaya kusa gare ni, ina kainai ka kaiwa?" Ta nuna daidai inda hannunka yake. Ka ɗan ɗaga idon kamerar sama kaɗan, yadda gajeren mutum ke ɗaga kai in yana magana, shi ke nan.

A wannan tsakani ɗan Gajere ya aiko cewa jikin ya ƙara tsanani, abinci ma sai an matsa. Ba ka jira ranar kasuwa ba kamar yadda ka shirya. Ka fita da safe, ni ina biye da kai daga nesa. Abin da ka yi a ranar ya zama al'adarka har ƙarshen rayuwarka. Kamerar ƙarama ce, da ka so da ka ɗauki kowa bai sani ba, amma ka ce wannan sata ce. Duk inda ka isa sai ka yi sallama ka ce, "Ba ni na ba yau. Gajere na yaz zaka gaishe ku." Mutane suka fara da dariya, sannan suka gane. Mahauci ya miƙo hannu ya ce, "Gajere, ashe kana raye?" Tsofaffin bakin masallaci suka yi ta kiran sunansa suna tuna masa ƙuruciya. Wanda bai so a ɗauke shi ba, ka juya masa baya ka wuce. Tafiyar ma ba taka ka yi ba. Ka rage taki, kana tsayawa a inda mai dawowa daga nesa zai tsaya, bakin rijiya, gindin tsohuwar bagaruwa.

A ƙofar gidan ka tsaya, don cikin gida na mata ne. Ka kwance kamerar ka ɗaura wa maiɗakinka Fiddausiya a kan hijabinta, ta shiga. Daga baya muka ga abin da ya faru. Gwaggo Ummulkhairi tana zaune tana tsince wake. Aka gaya mata. Ta ɗago, ta daɗe tana duban ɗan baƙin idon nan, sannan ta ce, "Yaya, kai na? Ka daɗe." Ta miƙo hannu, Fiddausiya ta kama. Ta sa aka kawo ruwa a ƙwarya, ta ce baƙo ba ya magana da ƙishirwa. Ta zaga da shi ɗakin mahaifiyarsu, ta nuna masa turmin da har yanzu ake daka a ciki, ta gaya masa waɗanda suka mutu da waɗanda aka haifa. Ba ta yi kuka ba sai da za a fita.

Aikawa ma wani aiki ne. Rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya ɗaukar abu mai nauyi a cikin gari, sai da ka yanyanka fim ɗin gunduwa-gunduwa, ka hau tudun da ke gabas da gari ka zauna a rana kana jiran kowane yanki ya wuce. Amsar ta zo kafin magariba. Da farko ba a jin komai sai shessheka. Sannan ya ce, "Na iso. Alhamdu lillahi, na iso. Sai dai ban san yaushe hannuna ya sha lalle ba." Ka yi dariya har ka share hawaye. Baba Gajere ya rasu kafin Layyar waccan shekarar. Ɗansa ya ce kullum sai ya sa an kunna masa, yana amsa gaisuwar mutane ɗaya bayan ɗaya.

Labari ya bazu a tsakanin ƴan ci-rani, saƙonni suka yi ta zuwa. Ga wanda ba shi da takardun da zai fita ya koma, ga wanda ke tsare a gidan kaso a wata ƙasa aka samu hanyar nuna masa, ga matar da aure ya kai nesa. Yawancinsu ba gajeru ba ne, don haka ƙirji bai yi ba. Ka kai wa wani baduku a kasuwar Madawa, ya ɗinka maka ɗan aljihun fata, ka soke shi cikin amawalin rawaninka, wato ɓangaren da ke rufe baki da haɓa. A nan kamerar ta samu mazauni: kusa da ido, ba ta rawa kamar ta goshi, tana kuma ganin hannuwa. Tun daga lokacin yara ke ce maka mai ido uku. Kafin ka tafi aikin kowa sai ka tambayi tsawonsa, da yadda yake tafiya, da hanyar da ya saba bi, da wanda ba ya shiri da shi, don kada ka kai shi ƙofar da shi da kansa ba zai je ba.

Ba duka aikin ne mai daɗi ba, kuma ni na san abin da ya ci a jikinka. Sau da yawa ba gida ake aikenka ba, kabari ne. Ka je ka tsaya, ka ɗaga hannuwa yadda za su fito a hoton, ka yi addu'a a madadin ɗan da bai samu jana'izar uwarsa ba, ka dawo ka kasa cin tuwo. Akwai wanda ya aike ka wani ƙauye a bayan Bangi, ka tarar gidansu ya rushe, awaki na kwana a ɗakin da aka haife shi. Na ce maka ka ɗauki ƙofar kawai ka juyo. Ka ce, "Kamera ba ta ƙarya, Mushe, amma wuyan mai ɗauke da ita na yi. In na kau da kai, na yi mishi ƙarya." Ka kira shi tukuna, ka gaya masa da baki, ka tambaye shi ko har yanzu yana son gani. Ya ce yana so. Ka shiga da shi a hankali. Bayan damina mutumin ya aiko aka tada katangar.

Da damina koramu kan yanke hanya, ka tura moto cikin laka, ka kwana biyu a garin da ka je yini. Da bazara ka yini a rana ba ka sha ruwan kirki ba, don kada a ji ƙarar haɗiya a muryar wani. Na sha yi maka faɗa. Fiddausiya ta yi, Inna ta yi. Kullum amsarka ɗaya ce, wai wannan na ƙarshe ne, daga shi za ka huta. Fuskarka ta fara kumbura da safe, ka ce barci ne. Ƙafafu suka bi, ka ce moto ne. Sa'ad da ka yarda muka kai ka likita a Tawa, ciwon ya riga ya yi nisa. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Da ka ga zaman ya yi tsawo, ka ce a mai da kai gida.

Bana Fiddausiya da ƙannenka ne suka shuka gonarka ta cikin kwari, ba ka taka ta ba ko sau ɗaya. A makon da ya gabaci na ƙarshenka, na zo na ishe ka a jingine, rawaninka a kan cinyarka. Ka ce, "Mushe, naɗa." Na ce ban iya ba. Ka ce, "Ai ba kai za ka gani ba, ni na." Na durƙusa, ka naɗa mini da hannunka, ka soke kamerar, ka danna. Na tafi gonar na zaga na dawo ina haki. Ka kalla, sannan ka ce, "Wa ke korak ka? Kuma kai da ba ka rufe baki, dut hoton na tsalle. Koma gobe. Ka yi shiru, ka tsaya bakin kunya ta fari, ka kama zangarniya guda ka murza in gani."

Na koma. Wannan karon na yi tafiya a hankali, bakina a rufe. Gero ya fi ni tsawo, ya fidda kai, ido ya fara cika. Na kamo zangarniya na murza a tafin hannuna, na buɗe shi a gaban kamerar, na daɗe a haka. Da na kawo maka, ka sa Fiddausiya ta tallafe ka. Ka kalla har ƙarshe, ka ce a maimaita wurin hannun. Sannan ka ce, "An samu hatsi bana. Ku yanke kafin tsuntsu." Ka faɗa mata waɗanda za ta kira su taya girbi, ka ce a fitar da zakka tun a gona. Ba mu sake wata doguwar magana ba bayan wannan.

Yau kwanakin zaman makoki sun wuce, amma salularka ba ta daina ƙara ba. Waɗanda labari bai kai musu ba suna ta aiko da murya: Malam Sha'ibu, don Allah in ka samu sarari, gidanmu na bayan kasuwa, Malam Sha'ibu, an yi mini haihuwa, ina son in ga yaron. Fiddausiya ba ta iya saurare, ta miƙo mini. Ni nake amsa musu, ɗaya bayan ɗaya, kalma ɗaya nake ta maimaitawa, cewa ka rasu, kuma kowane ɗaya sai ya yi salati irin wanda na yi a gindin katanga. Wasu suna tambaya wa zai ci gaba. Kamera ana samu a kasuwa. Haƙurin tambayar tsawon mutum da jiran tsohuwa ta gama tsince wake, ban san inda ake samunsa ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Biba, wadda ta binne miji yanzu kuma ta binne ɗa. Allah Ya ba ki haƙurin da ya fi wanda kika saba. Ga Fiddausiya, abokiyar aikinsa da zamansa, wadda ta yi jinya ba ta taɓa ɗaga murya ba, Allah Ya saka miki da alheri, Ya zama gatanki. Ga ƴaƴansa, Aminatu da Faruƙ, Allah Ya raya ku, Ya shirye ku, ku sani mahaifinku mutumin kirki ne. Ga ƴan uwa da jama'ar Ibohaman, da abokan sana'arsa na Keita da Buza da Madawa, da ƴan uwanmu da ke nesa waɗanda ba su samu yi masa salla ba, Allah Ya ba mu dangana baki ɗaya, Ya maido kowane matafiyi gida da ƙafarsa.

Ya Allah, bawanKa Sha'ibu ya zo gare Ka, Kai ne mafi alherin wanda ake zo wa. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka tabbatar da harshensa wurin tambaya. Ka sanya kowane zumunci da ya sada a mizaninsa, Ka haɗa shi da Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Ka sha hanya, Sha'ibu, ka gaji ba ka faɗa ba. Allah Ya hutasshe ka a Aljanna Firdausi. Amin.